Kalmar Ingilishi «wrasse»: tarihinta, ma'anarta da hanyar shigar da ita cikin Hausa

1. Gabatarwa

Tsakanin garin Badagishiri, cikin gundumar Illela ta jihar Tawa, da gaɓar teku mafi kusa akwai tazarar da ta wuce kilomita 800. Duk da haka, malamin lakwal ko malamin yaƙi da jahilci da ke aiki a wannan gari ba ya rasa cin karo da sunayen kifayen teku, ko dai cikin littafin kimiyya, ko a jikin kwalin kifin ƙanƙara da ake kawowa daga bakin teku, ko kuwa cikin hotunan da yara ke kallo a wayar salula. Tambayar da ke gabansa ita ce: da wane suna zai kira kifin da shi da ɗalibansa ba su taɓa gani cikin ruwa ba?

Wannan tambaya ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan littattafan da za a juya zuwa Hausa za su riƙa fitowa daga harsuna biyu, alhali yawancin masu fassara a Faransanci suka yi karatu. Idan kalmar Ingilishi ta gagare su, sai su neme ta cikin ƙamus na Faransanci, daga nan su juya ta zuwa Hausa. A kowane ɗaya daga cikin matakan nan biyu ma'ana tana iya karkacewa.

Wannan nazari ya ɗauki kalma guda, wato «wrasse», sunan da Ingilishi ke bai wa wani babban dangin kifaye masu zama a duwatsun murjani na teku. Za a bi tarihin kalmar, a duba yadda ake amfani da ita, sa'an nan a auna ta da tsarin da Hausa ke bi wajen raɗa wa kifi suna. Abin da nazarin ke son nunawa shi ne, sunan kifi yana da tarihi, ma'anarsa tana faɗaɗa tana kuma sauya wuri, saboda haka ba a fassara shi daidai sai an san kifin da yake nufi a wurin da aka faɗe shi.

2. Asalin kalmar

Ana furta kalmar «ras», ba a jin harafin w na farko, kamar yadda ba a jin sa a kalmomin «write» da «wrong». Asalinta ba Ingilishi ba ne. An aro ta daga Kernewek, harshen mutanen Cornwall, wani yanki na masunta a ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. Wannan harshe ɗan'uwa ne ga harshen Wales da na Bretagne ta ƙasar Faransa. A cikinsa «gwragh» na nufin tsohuwa, musamman tsohuwar da ake ƙyama ko ake tsoro, kuma da wannan suna masuntan wurin ke kiran wani kifi mai kaurin leɓe da ke zama cikin duwatsun gaɓa. A harshen Wales ana cewa «gwrach», a na Bretagne «gwrac'h», duka da ma'anar tsohuwa.

Akwai wani abin lura ga masu nazarin aron kalmomi. A nahawun Kernewek, idan suna na mace ya biyo bayan madanganci «an», baƙinsa na farko yakan sauya, har «gwragh» ta koma «an wragh». Wannan sauyayyiyar siga ce Ingilishi ya ɗauka, domin ita ce kunne ke yawan ji cikin magana. Hausa ma ta yi irin haka sau da yawa. Ta ari «alƙali», «allura» da «littafi» daga Larabci haɗe da madangancinsu, kuma a Nijar ta ari «lakwal» da «lanho» daga «l'école» da «l'impôt» na Faransanci. Mai aro yakan ɗauki abin da ya ji, ba ya tsayawa rarrabe nahawun mai kaya.

Kalmar ta bayyana a rubuce cikin Ingilishi wajen shekara ta 1672, a zamanin masanan halittu biyu, Francis Willughby da John Ray, waɗanda suka zagaya yammacin Biritaniya cikin shekarun 1660 suna tattara tsirrai da dabbobi tare da sunayen da mutanen gari ke kiran su. Willughby ya rasu a 1672, Ray ya kammala littafinsu na tarihin kifaye, aka buga shi da Latinanci a 1686. A lokacin harshen Kernewek yana ja da baya. Wata mai sayar da kifi, Dolly Pentreath, wadda ta rasu a 1777, ita ce aka saba ambatawa a matsayin ta ƙarshe cikin waɗanda suka tashi da shi. An farfaɗo da harshen cikin ƙarni na 20, amma a tsawon lokacin da ya yi a kwance kalmar masuntansa ta ci gaba da rayuwa cikin Ingilishi, har ta kai tekunan da masu ita ba su taɓa zuwa ba.

Kiran irin wannan kifi da tsohuwa bai tsaya ga Cornwall ba. Faransawa suna kiran sa «vieille», wato tsohuwa. A tsibiran Kanariya ana kiran wani ɗan'uwansa «vieja», da ma'ana guda a Sifaniyanci.

3. Yadda ma'anar ta faɗaɗa

A farkon shigarta Ingilishi kalmar tana nufin ƴan irin kifaye kaɗan na ruwan sanyi, babbansu shi ne wanda masana ke kira Labrus bergylta. Babu ruwanta da murjani a lokacin, domin babu duwatsun murjani a gaɓar Cornwall. Faɗaɗar ma'anarta ta biyo bayan aikin masu rarraba halittu ne.

A 1758 Linné na ƙasar Suwidin ya fitar da bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae, inda ya bai wa kowane iri suna mai kalma biyu: ta farko sunan gida, ta biyu sunan iri. Ya sa waɗannan kifaye cikin gidan Labrus, sunan da ake dangantawa da «labrum», wato leɓe a Latinanci. Daga nan Faransanci ya sami «labre». Jamusanci kuwa yana cewa «Lippfisch», kifi mai leɓe. A 1816 Georges Cuvier ya tara gidajen da suka yi kama da juna cikin dangi guda, wanda aka sani da Labridae.

A wannan tsakani jiragen Turawa suna kawo sababbin kifaye daga tekuna masu ɗumi. Peter Forsskål, almajirin Linné, ya shiga ayarin binciken da ƙasar Danmak ta aika ƙasashen Larabawa a 1761, ya nazarci kifayen Bahar Maliya kafin ya rasu a Yaman a 1763, aka buga aikinsa a 1775. Ya rubuta sunayen da masunta Larabawa suka faɗa masa, kuma da yawa daga cikinsu sun zama sunayen kimiyya har yau. A 1835 Eduard Rüppell ya bayyana wani ƙaton kifi na Bahar Maliya mai tozo a goshi, Cheilinus undulatus, wanda tsawonsa yana iya kai mita 2. Da masana suka ga haƙora da leɓe da ƙirar jikin waɗannan kifaye sun yi daidai da na kifin Cornwall, sai suka sa su cikin danginsa. Marubutan Ingilishi na ƙarni na 19 kuwa, da suka buƙaci sunan da jama'a za su gane, sai suka miƙa tsohuwar kalmar masunta ta rufe dangin baki ɗaya.

Yau an san fiye da iri 600 cikin wannan dangi, kuma mafi yawansu a duwatsun murjani na tekun Indiya da na Pasifik suke. Abin da ya fara a matsayin sunan kifin ruwan sanyi ya zama, a kunnen mai jin Ingilishi, sunan kifi mai launuka na ƙasashen zafi. Iyakar ma'anar ba ta daina motsi ba. Binciken ƙwayoyin gado da Westneat da Alfaro suka buga a 2005 ya nuna cewa kifayen nan masu baki irin na aku, waɗanda aka daɗe ana lissafawa dangi dabam, reshe ne na Labridae. Masana da dama sun haɗe su tun daga nan, wasu kuma suna ci gaba da ware su.

4. Yadda ake amfani da kalmar

Ta fuskar nahawu, kalmar suna ce. Jam'inta iri biyu ne: a bar ta yadda take idan ana maganar kifaye da yawa, ko a ce «wrasses», musamman idan ana nufin iri-iri. Sau da yawa tana zuwa ne da wata kalma a gabanta mai fayyace irin. «Ballan wrasse» shi ne kifin Cornwall na asali. «Humphead wrasse» shi ne mai tozon goshi, wanda Faransawa ke kira «napoléon», kuma tun 2004 yana cikin jerin halittun da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. «Cleaner wrasse», wato mai shara, ɗan ƙaramin kifi ne da bai fi tsawon yatsa da kaɗan ba, wanda manyan kifaye ke zuwa wurinsa su tsaya cik ya cinye ƙwarin da ke manne a jikinsu, har cikin bakinsu, kamar yadda carki ke yi wa shanu.

Amfanin jama'a da na masana ba su yi daidai ba. Akwai ƴan dangin Labridae da Ingilishi ke kira da wasu sunaye, kamar «hogfish», wato kifi-alade, saboda yadda yake tonon ƙasa da dogon bakinsa. A Ostareliya ana kiran wani ɗan dangin «blue groper», sunan da ya yi kama da na wani dangi dabam. Daɗin daɗawa, ma'anar tana bin sana'ar mai magana. Tun ƙarshen shekarun 1980 masu kiwon kifin salmon a Norway, daga baya kuma a Scotland, suke zuba ƴan wannan dangi cikin kejin kifayensu domin su cinye ƙwarƙwatar ruwa. A bakin waɗannan ma'aikata kalmar ta koma ga kifayen ruwan sanyi na farko. A bakin mai sayar da kifin ado kuwa, kifin murjani take nufi.

Ke nan kalmar tana da ma'ana uku a jere: kifin gaɓar Biritaniya, dangin Labridae baki ɗaya, da kifin murjani mai launi. Mai fassara yana buƙatar ya tantance wadda marubuci ke nufi kafin ya nemi takwararta.

5. Sunayen kifi a Adar

Ƙasar Adar ba ta da kogi mai gudu duk shekara. Ruwanta na tabkuna ne da ƙoramu irin su Majiya da kwarin Badagishiri. Kifayen da suka jure wannan yanayi su ne gaiwa, wadda ke binne kanta cikin laka ta yi rani a can, da tarwaɗa, wadda ke iya shaƙar iska idan ruwa ya ja. A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 ma'aikatar kula da ruwa da gandun daji ta riƙa zuba irin kifi cikin manyan tabkunan jihar Tawa, kamar na Tabalak da na Ɗan Dutsi, waɗanda aka sa cikin jerin Ramsar a 2005. An kuma gina madatsun Mozage da Zango domin noman rani na Birnin Ƙwanni. Ta haka karfasa, giwan ruwa, ragon ruwa da ƙurungu suka yawaita a kasuwannin yankin, inda a karin harshen Adar ake cewa «kihi». Hausa ba ta sha wahalar sunayensu ba, domin masuntan Kabi da na kogin Kwara sun riga sun raɗa su tun da daɗewa.

Idan aka duba waɗannan sunaye za a ga hanyoyi uku. Ta farko, sunaye na asali waɗanda ba a iya fasa su gida-gida, kamar tarwaɗa, gaiwa, ƙurungu, minjirya da tsage. Ta biyu, a ɗauki sunan wata halitta ta tudu a haɗa da «ruwa»: giwan ruwa saboda girmansa, da ragon ruwa. Ta uku, a ba kifi laƙabi irin na mutum, kamar ɗan sarki, wanda wasu ke kira yauni. Har wa yau, suna guda kan rufe iri da yawa: ƙurungu sunan kifaye masu yawa ne na gidan Synodontis, karfasa ma haka take. Kifi guda kuma kan sami suna biyu bisa ga wuri, kamar karfasa da gargaza. Ashe faɗaɗar da aka gani a «wrasse» ba baƙuwa ce ga Hausa ba.

An yi ƙoƙarin daidaita waɗannan sunaye da na kimiyya. Ƙamus na Bargery na 1934 ya tattara da yawa daga cikinsu, kuma a 1967 ma'aikatar gona ta Nijeriya ta Arewa ta buga littafin Reed da abokan aikinsa a kan kifaye da sana'ar su, mai ɗauke da sunayen gida. Abin sha'awa, ɗaya daga cikin kifayen da ake kira ragon ruwa sunansa na kimiyya Bagrus bajad, kuma Forsskål ne ya raɗa shi daga «bayad» na masuntan Masar. Sunan da talaka ya raɗa yana iya zama sunan duniya idan masani ya rubuta shi tare da bayanin kifin.

Kifin teku kuwa ya shigo da nasa sunaye ta hanyar ciniki. «Sardin» ta zo da kifin gwangwani. A Nijeriya «Titus», wanda asalinsa sunan wani samfurin sardin ne, ya koma sunan wani kifin ƙanƙara. Ƴan dangin Labridae ba su bi wannan hanya ba, domin gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da manyan duwatsun murjani, saboda lakar da koguna ke zubawa da ruwan sanyin da ke tasowa daga ƙarƙashin teku a wasu watanni. Ƴan irin da ke can ba su cikin kifayen da ake lodi zuwa arewa. Saboda haka ta littafi da hoto kalmar za ta iso Badagishiri, kuma mai fassara ne zai yanke mata hukunci, tun da kasuwa ba za ta yi masa aikin ba.

6. Haɗarin bi ta Faransanci

Turawan mulkin mallaka sun raɗa wa kifayen Afirka sunayen da suka zo da su, kuma suna guda ya faɗa kan kifaye dabam-dabam. Misali mafi kusa shi ne «capitaine». A Yamai da Tawa wannan kalma giwan ruwa take nufi, wato Lates niloticus na ruwan daɗi. A gaɓar Dakar da Abijan wani kifin teku ne mai dogayen zaruruwa a ƙarƙashin ƙirji. A tsibiran Reunion da Moris sunan wasu kifayen murjani ne na dangin Lethrinidae. Kifi-aladen nan da aka ambata a sama kuwa, Lachnolaimus maximus na tekun Karibiya, sunansa a Faransanci «labre capitaine». Ke nan mai fassara da ya ci karo da «hogfish», ya duba ƙamus ya ga «capitaine», zai rubuta giwan ruwa da zuciya ɗaya. Ɗalibin Illela zai karanta cewa giwan ruwa yana zama cikin murjani a ruwan gishiri, alhali ya san daga tabki ake kamo shi.

Haka abin yake ga «carpe». A Faransancin Nijar karfasa ce, a Turai wani kifi ne dabam, a bakin tekun Gini kuma «carpe rouge» jan kifin teku ne na gidan Lutjanus. Ita kanta «vieille» a tsibiran tekun Indiya tana nufin wasu kifaye da ba na dangin Labridae ba. Illar irin wannan kuskure ta fi girma cikin littafin yaƙi da jahilci, domin baligi mai koyon karatu yana auna abin da ke rubuce da abin da ya sani. Idan littafi ya yi masa ƙarya a kan kifi, ba zai yarda da shi a kan taki ko allurar rigakafi ba.

7. Hanyoyin raɗa suna

Buƙatar kalmomin teku a wannan yanki ta wuce fassarar littattafan waje. Dutsen farar ƙasa da masana'antar siminti ta Malbaza ke haƙa tun shekarun 1960 ya taru ne a ƙarƙashin wani teku da ya rufe yankin kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. Errol White ya bayyana burbushin kifayen lardin Sakkwato a 1934, Henri Cappetta kuma na Nijar a 1972. Malamin da zai bayyana wa yaran Malbaza asalin dutsen garinsu dole ya yi maganar teku da halittunsa da Hausa.

Kalmar «murjani» tana nan tuntuni. An aro ta daga Larabci, ta zo da jan dutsen ado na Bahar Rum da fatake ke kawowa ta hamada. Jan murjanin ado ba shi ne ke gina manyan duwatsun tekuna masu ɗumi ba, amma ƴan'uwa ne, saboda haka faɗaɗa kalmar a ce «dutsen murjani» da «kifin murjani» ya dace, muddin an bayyana cewa murjani wasu ƙananan halittu ne masu rai ke gina shi. Game da «wrasse» kanta, hanyoyi uku ne a buɗe.

Ta farko, aro kai tsaye. Idan aka bi furuci za a sami «ras», wadda ta yi karo da amsa-kamar da ke cikin «lafiya ras» da «gabansa ya faɗi ras». Matsala ta biyu ta fi wannan. Marubucin Kano zai aro daga Ingilishi, na Tawa zai aro «labre» daga Faransanci, kifi guda ya sami suna biyu da ba su san juna ba, kamar yadda «biro» da «bik» suka rabu a kan iyaka. Wannan ya saɓa wa manufar taron Bamako na 1966 da na Yamai na Janairun 1980, waɗanda suka nemi Hausar ƙasashen biyu ta zama guda a rubuce.

Ta biyu, siffantawa, a ce «mai leɓe» bisa ga Latinanci da Jamusanci. Sunan yana da sauƙin ganewa, sai dai akwai kifayen gidan Labeo cikin kogin Kwara da tabkin Cadi, su ma masu kaurin leɓe, kuma sunansu na kimiyya ma daga leɓen ya fito. Masunci zai ɗauka su ake nufi.

Ta uku, fassara ma'anar asali, a ce «tsohuwar teku», jam'i «tsofaffin teku», wadda a karin Adar za a furta «tsohuwat teku». Wannan ya bi ƙirar giwan ruwa da ɗan sarki, ya dace da Kernewek da Faransanci da Sifaniyanci, kuma kalmar «teku» ta raba shi da duk kifayen kogi da tabki. Bai jingina da Ingilishi ko Faransanci ba, don haka zai karɓu a ɓangarorin iyaka biyu. Rauninsa shi ne mai karatu yana iya zaton wata aljanar ruwa ake nufi. Maganin haka shi ne a sa kalmar «kifi» a gabansa a ambato na farko, a kuma haɗa da hoto. Wannan nazari ya fi karkata ga hanya ta uku, bisa sharaɗin a gwada sunan a cibiyoyin yaƙi da jahilci kafin a shigar da shi ƙamus.

Bayanin ƙamus zai iya kasancewa kamar haka: tsohuwar teku, suna, mace, dangin kifayen teku masu kaurin leɓe da ƙarfin haƙori, yawancinsu masu launi, suna zama a duwatsun murjani, da yawa daga cikinsu sukan fara rayuwa mata daga baya su rikiɗe maza, sunan kimiyya Labridae, Ingilishi «wrasse», Faransanci «labre», ba giwan ruwa ba ne ko da an ga «capitaine» a sunan wani irinsu.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, shawarwari uku sun fito ga masu tsara littattafai. Na ɗaya, duk sunan kifi ko tsiro ko dabba da za a juya zuwa Hausa a bi da shi ta sunan kimiyya, kada a dogara ga ƙamus na Ingilishi zuwa Faransanci kaɗai. Na biyu, kada a ba baƙon kifi sunan kifin gida, sai in masana sun tabbatar iri ɗaya ne ko gida ɗaya. Na uku, kafin a raɗa sababbin sunaye a fara tattara na gida. Ya kamata mai ilimin harshe da ma'aikacin kula da kifi su zauna tare da masunta da masu banda a Badagishiri, Ƙwanni da Tabalak, a rubuta kowane suna da furucinsa na Adar, a ɗauki hoton kifin, a daidaita shi da sunan kimiyya, sa'an nan a kwatanta jerin da na Sakkwato da Argungu. Irin wannan aiki ne Ray ya yi a Cornwall, Forsskål ya yi a Bahar Maliya. Sai an san sunayen da Hausa ta riga ta mallaka da kifin da kowanne ke nufi, sa'an nan za a san gurbin da ya rage wa baƙin kalmomi irin su «wrasse».